Babu Kerrow a Sabuwar Taswira

Litinin, 12 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Iska daga kudu. Teku ya yi baƙi. Ban fita da jirgi ba.

Matata Effie ce ta koya mini rubutu a kan teburin nan, ina da shekara arba'in da ɗaya. Ta ce, "In abu ya tsaya maka a wuya, Garland, zuba shi a takarda ka bar ni in huta." Shekara shida ke nan da rasuwarta, ban taɓa littafin ba sai yau.

Wince Keeping ya shigo da sassafe, ko hula bai cire ba. Tare muka tashi a Kerrow, tare aka kwaso mu zuwa nan Aldwin. Ya ce, "Tashi, tsoho, ka je gidan waya ka ga yadda aka yanka mu."

Na je. An manna taswira a bango. Mazaɓarmu ta majalisar tarayya, wadda tun gashina yana baƙi ake kiranta Aldwin da Kerrow, an rushe ta. An ja jan layi daga bakin teku har cikin daji, an haɗa mu da Corwen, garin injin takarda, tafiyar awa biyar a mota, mutanen da ba su taɓa fede kifi ba. Sabon sunan wai Gaɓar Kudu da Tsakiya. Na sa matar gidan waya ta karanta mini sau biyu, ko idona ne. Ba idona ba ne.

Yau shekara hamsin da huɗu babu gida ko ɗaya a Kerrow. An cire ta daga taswirar hanya, an cire ta daga takardun gidan waya. Wuri ɗaya ya rage inda hukuma take furta sunan. In ɗan majalisarmu ya miƙe a Ottawa, babban birnin ƙasa, sai a ce wakilin Aldwin da Kerrow. Don wannan kawai nake kunna talabijin. Abin da yake faɗa bayan haka bai dame ni ba.

A ƙasan taswirar an rubuta dalili. Wai a ƙidayar bara mutanenmu sun yi kaɗan, kuma dole kowace mazaɓa ta yi kusan daidai da 'yar'uwarta. Wince ya ɗora yatsa a kan kalmar ƙidaya ya juyo ya dube ni.

Talata, 13 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na tono dankali kunya biyu. Mutum uku sun wuce ta bakin shinge. Ɗaya ne ya gaishe ni.

Alhamis, 15 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe ƙofa na tarar da ambulan ruwan ɗorawa a kan matakala, an danne ta da dutse. Ba a taɓa buɗe ta ba. Na san irinta, ta ƙidaya ce, ita aka rarraba gida-gida a watan Mayun bara. An yage wurin lambar gidan. Na ajiye ta bayan murhu. Ban ƙona ba.

Lahadi, 18 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ambulan huɗu yanzu.

Bayan coci Melvina ta biyo ni da tukunyar naman gishiri da kabeji. Matar ɗana Chesley ce, shi yana can yamma wurin aikin mai. Ita aka ɗauka aikin ƙidaya bara. Tun lokacin takan kawo abinci ta ajiye ta tafi, amma yau ta ja kujera.

Ta ce, "Baba, masu taswirar za su zo ranar huɗu ga wata mai kamawa, su uku, wata alƙali ce shugabarsu. A zauren coci za su zauna. Mai son magana sai ya aika sunansa a rubuce kafin Juma'a."

Na ce, "Ni in nemi izinin magana a zauren da na buga wa rufi da hannuna? A garin nan babba ke miƙewa, yara su yi shiru."

Ta ce, "Wannan ba taron gyaran coci ba ne, Baba."

Idonta ya sauka bayan murhu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Gida sittin da bakwai na ƙwanƙwasa ba a buɗe mini ba. Ina jin rediyo a ciki, ina jin ƙamshin burodi. Har ƙanwar uwata ta bar ni tsaye a cikin ruwa."

Na ce mata iska za ta juya gabas kafin dare. Ta ɗauki murfin tukunyarta ta fita.

Talata, 20 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Bari in rubuta wannan, tunda matasa suna magana kamar ba a taɓa yi ba.

Ina da shekara ashirin da huɗu wani mutumin hukuma ya sauko daga jirgin wasiƙu a Kerrow, da jakar fata da takalmi mai sheƙi. Ya zauna a kicin ɗinmu, ya sha shayin mahaifiyata, ya ci burodinta da maɗi. Ya tambaya mu nawa ne a gidan. Ta lissafa masa duka, har da kakata da ke kwance, tana murna wai za a kawo malamar makaranta. Ya bi gida talatin da ɗaya haka. Da kakar shekara ta gaba an ɗaura gangunan mai a ƙarƙashin gidajenmu, ana jan su a kan ruwa zuwa Aldwin. Namu ya sha ruwa har taga. Mahaifiyata tana cikin kwale-kwale, fuskarta a baya, ba ta juyo ba har muka iso.

Mutumin da ya ga wannan da idonsa, in ya sake ganin ana yawo gida-gida da takarda, me ake so ya ce wa mutanensa?

Ba ina cewa na ce wani abu ba ne.

Abin da ba a iya ja a ruwa ba shi ne maƙabarta. Kabari ɗari biyu da goma sha huɗu, a layi tara. Tara ne kawai masu dutse, sauran katako ne, ya ruɓe tun tuni. Mahaifina ya koya mini su muna yankan ciyawa, layi bayan layi, daga shinge zuwa bakin dutse. Duk watan Agusta mukan cika jirage mu koma, in tsaya in kira su, kowa ya ji nasa. Fasto uku sun roƙe ni in bari a rubuta. Wata mata daga jami'a ta zo da na'urar ɗaukar murya. Na ba ta shayi na raka ta mota. Na ga abin da ya samu masu rai da aka sa su a takarda, ba zan kai matattu can ba.

Laraba, 21 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ina faskare ina kiran sunayen matattun kamar kullum. A layi na huɗu, tsakanin Absalom Fudge da 'yarsa, akwai mai kwance. Sunan bai zo ba. Na ajiye gatari na sake daga farko. Bai zo ba.

Gajiya ce.

Juma'a, 23 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Ban aika sunana ba. Ambulan goma sha ɗaya.

Asabar, 24 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gaida Goggo Triffie a gidan 'yarta. Shekararta casa'in da huɗu. Ita kaɗai ta rage 'yar Kerrow da ta girme ni.

Tana ganina ta ce, "Au, Garland, kai ne da ƙafarka? Na ɗauka sun jefa ka teku."

Na ce, "Suna jira ki riga ni, Goggo, kada a yi rashin ladabi."

Ta yi dariya har da tari. Na zagaya na zagaya, na yi zancen Absalom Fudge, yadda yake ɗinka raga da haƙori. Sai na ce kamar wasa, wa ma ke kusa da shi?

Ta ce, "Selina, matarsa ta farko, wadda haihuwa ta kashe." Ta ƙura mini ido ta saman tabarau. "Kai ne ka tambaye ni wannan?"

Na ce gwada ta nake.

Ta ce, "Gwada uwarka. Ka rubuta su, yaro, tun kanka bai fara yoyo ba." Ta jawo hannuna ta rage murya. "Ni fa na cika tawa takardar. Ta taga na miƙa wa Melvina bayan ka wuce da sandarka. Na gaji da a ce ba na nan."

Na dawo ta hanyar baya.

Litinin, 26 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Tashar jirage. Maza shida a kan benci, na zo suka matsa gefe, ba don su ba ni wuri ba. Wince ne bakinsu.

Ya ce, "Ranar huɗu za ka miƙe ka gaya wa alƙalin nan ba a ƙirga mu ba. Gida sittin da bakwai, mutum kusan ɗari biyu. A sake ƙirga, a bar mana mazaɓarmu."

Na ce, "Kai ba ka da baki?"

Ya ce, "Ni na bi gari gida-gida ina cewa mai jaka ya dawo? Ni na ce wa matata ta kashe fitila ta yi kamar mun mutu? Kai muka bi, Garland. Kullum kai muke bi. Kai ne mai tuna komai."

Ɗan Durnford, wanda na koya wa ɗaurin igiya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "In hanyar nan ta sake zabgewa, Kawu, wa zai ji mu daga Corwen? Ko matattun ne za su je mana?"

Na duba igiyar jirgina. Wani ya kwance ta ya sake ɗaurawa, ba irin ƙullina ba. Bai yanke ba, bai sake ba. So kawai yake in sani.

Laraba, 28 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Melvina ta kawo takarda daga masu taswirar. Garland Bungay, na bakwai, minti goma.

Na ce, "Ajiyar sunana na ba ki?"

Ta ce, "A'a, Baba. Amma in ka miƙe ba sunanka aka ce ka zauna a gaban gari, ni zan ji kunyar, ba kai ba."

Na ce ba zan je ba. Ta ce ta riga ta goge mini farar riga.

Alhamis, 29 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Motar asibiti ta ɗauki Goggo Triffie zuwa Corwen. Rabin jikinta ya mutu. 'Yarta ta ce idonta a buɗe yake amma magana ba ta fita.

Asabar, 1 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ambulan ashirin da tara. Sun zame daga bayan murhu sun zubo ƙasa, na sa su a akwatin kifi. Ashe duk sun ajiye. Shekara da rabi a cikin aljihun tebur, babu wanda ya ƙona tasa.

Na kira sunayen matattun sau uku yau. Sau biyu na kai ƙarshe. Na ɗaya na tsaya a layi na shida.

Na yanke shawara. Ba zan roƙi kowa ba, ba zan yi zancen ƙofofi ba. Zan tsaya in kira su, alƙalin ta ji da kunnenta ko Kerrow babu mutane.

Litinin, 3 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Iska ta faɗi. Teku lif. Ba na son shi haka.

Talata, 4 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Zauren ya cika har bakin ƙofa. Su uku a dogon tebur, da kofunan ruwa, da ƙaramin agogo. Alƙalin mace ce mai furfura, muryarta ƙasa-ƙasa. Magajin gari ya yi zancen hanya. Wata ta yi zancen asibiti. Ana faɗa tana rubutawa.

Aka ce na bakwai. Na cire hula na ce, "Ranki ya daɗe, waɗannan mutanen Kerrow ne." Na fara daga shinge. Hezekiah Rose. Matarsa Dorcas. Jaririnsu da bai kai baftisma ba. Mutumin da ke hagunta ya ɗaga hannu zai tsayar da ni, ta taɓa masa hannun riga ya sauke. Zaure ya yi tsit. Ina kiran na wani sai in ji numfashinsa a bayana. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. Selina ta zo a wurinta. Na biyar.

Layi na shida, na huɗu daga shinge.

Ina ganin wurin. Akwai ɗan kwari a ƙasar, da ƙayar da ke fitowa kowace shekara. Na buɗe baki ba komai. Ina jin agogon nan a kan tebur. Na juya na dubi mutane, mutum fiye da ɗari, duk jinin Kerrow. Suna kallona suna jira. Babu wanda zai iya ɗora ni, don ban taɓa koya wa kowa ba.

Wince ya miƙe, ba sunansa a takarda. Ya ce, "Ranki ya daɗe, bar tsohon nan. Gaskiyar ita ce ba a ƙirga mu ba. Mun rufe ƙofa. Mutum ɗari biyu!"

Ta bar shi ya gama. Ta buɗe wata takarda ta duba. Ta ce, "Malam Keeping, gidan da bai amsa ba akan kimanta mutanen ciki, ba a barin shi fanko. Amma a ce ma ba a sa ku ba sam. Mazaɓar nan ta gaza da mutum dubu goma sha tara. Ɗari biyu ba za su motsa layin nan ko da faɗin yatsa ba."

Wince ya zauna a hankali kamar wanda aka cire wa ƙashin baya. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Mako uku ana ƙina a kan abin da ko lura da shi ba a yi ba.

Sai ta juyo gare ni. Ta ce layin taswira yana da wuyar taɓawa, amma sunan mazaɓa yakan canza, in an nuna musu a rubuce cewa yana da tushe a wurin mutane. Ta ce, "Sunayen nan da ka kira, Malam Bungay, a ina suke a rubuce?"

Na nuna kaina. Wani ya yi dariya a baya, aka tsawatar masa.

Ta ce, "To ka rubuto mana su kafin goma sha huɗu ga wata. Ban yi maka alkawari ba."

Laraba, 5 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Babu ambulan a matakala.

Alhamis, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna a kan teburin nan tun safe. Na rubuta Hezekiah, na tsaya. Hannuna ya ƙi. Mutanen da suka ja gidajenmu a ruwa, yau ni zan nannaɗe musu matattunmu in sa a ambulan da kaina. In ban yi ba kuma, sunan garin ya tafi, su kuma su tafi tare da ni, ko ma su riga ni.

Na sa riga na gangara gidan Melvina. Ta zo da kwamfutarta. Ta ce, "A hankali, Baba, ba wa'azi kake ba." Mun yi layi uku.

Asabar, 8 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Wince ya zo da tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu a ƙarƙashin hammata. Bai gaishe ni ba. Ya buɗe bangon baya ya tura wa Melvina. Ya ce, "Na huɗu a layi na shida ƙanin kakana ne, Job Keeping. Gaya wa wancan mai kan kwando." Ya sha shayi kofi biyu a tsaye ya tafi.

Litinin, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mun kai bakin dutse. Melvina ta ƙirga sau uku. Ɗari biyu da tara.

Biyar babu. Na san inda kowannensu yake kwance, zan iya kai mutum da ido a rufe. Melvina ta buga waya Corwen, aka kara wa Goggo Triffie a kunne, na faɗa mata wuraren ɗaya bayan ɗaya. Numfashi kawai nake ji. 'Yarta ta ce leɓenta yana motsi.

Melvina ta ce, "In haɗe layukan, Baba? Ba wanda zai gane."

Na ce ta bar gurbin kowa yadda yake.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sa hannu a ƙasan takardar. Ni na kai gidan waya da kaina. Matar ta buga hatimi ta jefa a buhu. Taswirar tana nan a bango, gefe ɗaya ya fara naɗewa. An ce sai bayan sanyi za a ji abin da suka yanke.

Alhamis, 13 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Iska daga gabas, da ruwa. Ina hura wuta na fara daga shinge kamar kullum. Layi na ɗaya lafiya. A layi na biyu, na bakwai, na tsaya.

Wannan bai taɓa ɓace mini ba. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na faɗe shi Melvina ta rubuta. Ni na haƙa kabarin da hannuna, cikin ƙanƙara, kwana biyu ina sara.

Melvina ta ce akwai kwafi a wurinta duk sanda nake so. Wuta ta kama. Zan zauna a nan tukuna, ko sunan zai zo da kansa.